Shekarar da Aka Nome Hanyar Gwanki

Bara da damina na ratsa ƙasar Dindir a mota, daga Sinnar har ƙauyenmu. Ƙanshin baƙar ƙasa da ta sha ruwan farko yana nan yadda na san shi, amma iyakar ganin ido riɗi ne da dawa a shimfiɗe, ba itace ko ɗaya da tsuntsu zai sauka. Lokacin ƙuruciyata wurin nan dajin dakwara ne da farar ƙaya, mahayin raƙumi ma sai ya sunkuya kafin ya wuce.

Ƙauyenmu a kan tudu yake. Can ƙasa wajen kogi akwai gandun daji na hukuma da masu tsaronsa. Sai dai dabbobin gandun ba sa shekara a ciki. In ruwa ya sauka kwarin ya zama taɓo, ƙuda ya yi yawa, sai su hauro tudu: gwanki, barewa, jimina, har raƙumin dawa. Su yi damina a bayanmu, su haihu, da kaka su koma.

Saboda haka kakana yake barin fili mai faɗi a tsakiyar gonarsa, ba ya sa masa fartanya. Maƙwabta ma haka suke yi, filayen suka haɗu suka zama hanya guda tun daga gangare har bayan gari. Kakata ba ta gajiya da tsokanarsa.

"Malam, gonar gwanki ta fi tamu kyau bana."

"In munka tare musu hanya, Hajiya, cikin dawarki za su bi."

Kada ka ɗauka tausayi ne kawai. Duk shekara yakan kayar da namiji ɗaya, a raba gida-gida, daga nan ya rataye bindigarsa.

Ina ɗan saurayi wani attajiri daga birni ya sami izinin mashru'u, wato babbar gona ta injin noma. Aka kawo motocin noman da muke kira babur, aka ɗaura sarƙa tsakanin biyu, suna tafiya itatuwa na zubewa. Gonakinmu ba a taɓa su ba. Hanyar dabbobi kuwa, da duk dajin da take kaiwa, aka nome. Kakana ya je wurin shehin gari, aka ce masa ƙasar da fartanya ba ta taɓa ba ta hukuma ce. Baffana, ƙanen mahaifina, ya sami aikin gafir a can, wato mai gadi, aka ba shi bindiga.

Ruwa ya sauka, dabbobi suka hauro kamar kullum. Na gan su da idona a bakin gonar, raƙuman dawa tsaye cak suna kallon riɗi inda suka san inuwa. Ba su da wata hanya, baya kuma taɓo ne. Suka shiga. Daga ranar muka fara jin harbi, safe da yamma.

Wata safiya kakana ya ce in ɗaura wa jaki sirdi in raka shi sansanin ma'aikata. Tun daga nesa wari ya tare mu. Da muka isa, igiyoyi ne daga turke zuwa turke, an shanya nama a jere kamar wankin gidan biki. Ƙahoni tsibi guda sun fi ni tsawo. Ga fatar raƙumin dawa an jefar, ungulu na ja. A gefe kuma, cikin taɓo, 'ya'yan da aka ciro daga cikin iyayensu. Na je ƙasashe da yawa bayan nan, na ga mayanka manya a Makka da Kano, ban sake ganin abin da ya tsayar mini da numfashi irin wannan ba.

Baffa ya fito da cinyar gwanki a kafaɗa, yana murmushi.

"Baba, ga rabonku."

Kakana ya dube shi.

"Har masu ciki?"

"Aiki anka ba ni, Baba. In ban harba ba, wani za a kawo. Shi ke nan."

Kakana ya nemi abin da zai jingina da shi, babu itace a wurin, sai ya zauna a ƙasa. Ni na ɗaga shi. Muka koma gida ba nama. Masu tsaron gandu, waɗanda suka taɓa tsare maƙwabcinmu saboda ya ɗebi zuma, sun ji harbin sarai. Suka ce ikonsu a kan iyaka ya tsaya.

Daga baya a Turai na ga gada da aka gina a kan titi, aka dasa mata itatuwa, don namun daji su tsallaka. Mai yi mini bayani yana alfahari da dabarar, ni kuwa na tuna filin da kakana yake bari a gonarsa.

Gandun yana nan har yau, da masu tsaronsa. Amma bayan wasu 'yan damuna ba abin da ya ƙara haurowa tudu, raƙumin dawa kuma ya ƙare a ƙasarmu gaba ɗaya.