Takardar da Ba'indiye Ya Yage a Ƙuba

Ku matso ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai abin da ba zan manta ba har a kai ni makwancina.

A shekarun da nake da ƙarfi, ina sayar da hatsin tattabaru kusa da masallacin Ƙuba, ni da wata ƙawata. Ni a nan aka haife ni, ita kuwa Umra ta kawo ta daga Damagaram, ta ƙi komawa. Ba ta da igama, wato takardar zama. Burinta ɗaya ne: ta mutu a Madina, a binne ta a Baƙi'a.

Wata safiya ta tafi alwala, sai ga wani Ba'indiye siriri mai tabarau. Ya sayi hatsi, ya tsugunna gabana, yana Larabci guntu-guntu. Mu Takari, baƙon Manzo in ya yi tambaya ba ma rufe masa baki. Ya tambayi asalina, na faɗa. Ya nuna tabarmar da ba kowa, na ba shi labarin mai ita tas: sunanta, garinsu, lungun da take kwana, da yadda take ɓuya in motar jawazat, 'yan sandan shige da fice, ta ɓullo. Yana ta rubutu a wani ɗan littafi, har ya ɗauki hoton wurin. Ban yi makaranta ba, na ɗauka addu'ar ziyara yake rubutawa.

Da ya wuce, mai shayin gefenmu ya ce, "Ya Hajiya, kin san wa kika zazzage wa cikinki? Ɗan jarida ne fa!"

Ƙawata ta dawo, na gaya mata. Ba ta zage ni ba. Ta naɗe tabarmarta kawai, ta ce, "Yaya, kin sayar mini da kabarina."

Na bar hatsina a rana na bi sawunsa. Na same shi a ƙofar masallaci yana sa takalmi. Na ce, "Ɗana, ba ni maganata."

Ya ce, "Khala," wato inna, "ban rubuta ƙarya ba. In duniya ta ji, sai a tausaya muku."

Na ce, "Kafin duniya ta ji, jawazat sun ji. Kai jirgi zai mai da kai gidanku, ita kuwa jirgi zai raba ta da Baƙi'a."

Ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Sannan ya buɗe littafin, ya yage warƙa uku ya miƙo mini. Na nuna na'urar hotonsa, ya goge wanda ya ɗauka a kan idona. A ƙarƙashin tukunyar mai shayi takardun suka ƙone.

Shekaru suka shuɗe. Wani Ba'indiye mai kanti a unguwarmu ya nuna mini ɗan jaridar nan a waya, ya yi furfura, yana ɗaga murya cikin babban zaure. Ya ce ai ɗan majalisar ƙasarsu ne yanzu, kuma yana faɗa ne a kan haƙƙin 'yan ci-rani. Na ce to, Allah ya taimake shi.

Mai shayi ya koma Sudan. Ƙawata ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba, daga baya muka shirya. Ta rasu cikin azumi, ni na yi mata wanka, aka kai ta Baƙi'a. Ni kuma ga ni, ƙafa ta ƙi.

Abin da na koya: baƙo a ba shi ruwa, a ba shi labarin kai in ana so, amma sirrin wani ba abin karrama baƙo ba ne.