Ƙasar da Yaya Adam Ya Ɗiba

Shekara bakwai ke nan da aka rufe yayana Adam a maƙabartar ƙauyenmu da ke yankin Suki. Mazan gidanmu sun dawo da wuri ranar, don babu cunkoson da zai riƙe su. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yaya Adam mai zane ne, amma bai taɓa zana fuskar mutum ko dabba ba. Ƙasa yake zanawa, yadda mai kallo daga sama zai gan ta, alhali ko ƙofar jirgi bai taɓa taka ba. Tankin ruwan gari yake hawa ya yi ta kallon gonaki har rana ta gasa shi, sannan ya sauko ya shimfiɗa tsohon buhun auduga. Da zare yake jan tur'a, wato magudanar da ke shayar da mu. Lalle, shuni, toka, ɓawon gyaɗa, babu abin da ba ya maƙalawa da ƙaro. Innarmu takan leƙa ta ce kamar an kifar da kunu a kan buhu, shi kuma ya yi ta dariya.

Amma yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa. Kowace hawasha, wato gonar da aka yanka wa kowane gida, da ƙasarta zai shafe ta. Sai ya taka har can ya ɗebo cikin gwangwani, ya daka, ya kwaɓa. Ya ce baƙin wata gonar ba irin na wata ba ne.

Wannan ƙa'idar ce ta ja masa. A wurinmu, wanda ya tsuguna ya ɗebi ƙasar gonarka ko ta sawunka, kowa ya san asiri zai yi maka. Maƙwabcinmu Baba Haruna ya gan shi a gonarsa, kuma a shekarar tsutsa ta cinye masa auduga. Ya zo ƙofar gida yana huci.

"Kai Adam, mi kaka yi da ƙasata? Ka maido mani abina, halas, shi ke nan!"

Yaya ya ɗauko zanen ya nuna masa da yatsa. "Baba, ga ta nan, ban kai ta ko'ina ba."

Da ma bai nuna ba. Kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa Adam ya ɗaure gonakin mutane a cikin buhu. Aka daina amsa masa sallama da sakin fuska, aka daina kiransa aikin gayya, surukansa suka zo suka tafi da 'yarsu. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, masu dubiyarsa ba su cika tabarma ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shi da yake cewa daga sama ba a gane gonar Bahaushe da ta Balarabe, duk ruwa ɗaya ke ratsa su. Ya ɗauka duk wanda ya kalli ƙasa daga can tausayinta zai ji. Bai kai lokacin jiragen nan marasa matuƙi ba, masu kallonmu daga sama su zaɓi inda za su sauke wuta.

Da yaƙi ya matso, aka yi ta raɗe-raɗin cewa 'yan bindiga na kashe duk wanda suka samu da taswira, wai ɗan leƙen asiri ne. Baba Haruna ya jagoranci dattawa zuwa ɗakin Inna, suka kwashe aikin Yaya na shekara da shekaru suka cinna masa wuta a bayan gida. Tsoro ne, na sani. Amma na ga fuskokinsu, kuma ba tsoro kaɗai na gani ba. Guda ɗaya ya tsira, don na daɗe da naɗe shi a cikin tabarmata. Da shi na gudu zuwa Damazin.

A makarantar da aka tsugunar da mu, bara, matar Baba Haruna ta zo ta ce yana kirana. Na same shi kwance, ya rame ya zama kamar kara.

"Ɗiyata, an ce akwai guda wurinki. Gonata na ciki?"

Na so in ce babu. Na je na ɗauko na shimfiɗa masa. Ban nuna masa komai ba, shi da kansa ya bi zaren tur'a da yatsa har ya tsaya a kan wani baƙin tabo. Ya jiƙa yatsan da ruwan buta ya shafa, ya kai hanci, sai hawaye. Ya sa farce ya kankare gonar tas, ya ƙulle a bakin rawaninsa.

"In na mutu nan, a sa mani ita cikin kabari."

Labari ya bazu. Tsofaffi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ce tsafi ne da waɗanda suka ce shirme ne, kowa ya gane tasa ba tare da tambaya ba, ya kankare ya tafi. Ta yaya zan hana tsohon da bai san ko zai sake ganin gida ba? Na yi ta kasa kunne ko wani zai ce Allah ya jiƙan Adam. Godiya suka yi mini, ni da ban ɗebo ko ƙwaya ba.

To, abin da ya rage na yayana ke nan: tsohon buhu, zaren tur'a yana ratsa wuraren da babu komai, da ɗan tabo guda a kusurwa, gonar babanmu. Makon jiya wata tsohuwa ta zo tana shafa tabon, tana cewa kamar tasu ce. Na tambaye ta ko ta tuna sunan wanda ya yi zanen. Tana ta laluben sunan, ni kuwa na naɗe buhuna.