Azumin da Inna Ta Ci Abinci a Tsakar Gida

Abubuwa da yawa sun shige mini a duniya na manta su, amma azumin shekarar korona yana nan daram a raina, kuma na san da shi za a kai ni kabari. A cikinsa ne na kusa rasa ƙanwata alhali tukunyata cike take da abinci.

Sana'ata sayar da abinci a kasuwar Maigatari. Duk Alhamis direbobi da fataken shanu, na nan da na Damagaram, sukan cika rumfata, kuma babban abin alfaharina shi ne ba a bar mini saura a kwano. Wanda ya rage sai ya sha tsiya, don ni bakina ba ya hutawa. Da aka kafa dokar kulle aka rufe kasuwa da makarantu, sai autarmu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Gumel, ta dawo gida. Muka zama mu uku: ni da na dawo gaban mahaifiyarmu tun rasuwar mijina, da Inna, da Auta wadda a lokacin ta kusa shekara talatin.

Mun daɗe da sanin ta rame, amma koyaushe tana da amsa. In ta zo hutu ka miƙa mata abinci, ko ta ce "na ci a can", ko ta ce tana azumin nafila. Inna har yabonta take yi a gaban maƙwabta, wai Allah ya ba ta 'ya mai ibada. Ga babban hijabi da ba ta rabuwa da shi. To, kulle ya kashe wannan "can" ɗin. Ba makaranta, ba gidan ƙawa, ba inda za ta ce ta ci. Kwana huɗu kawai na gane cewa ruwan zafi da 'yan yankan kokwamba ne ke riƙe da ita.

Ranar da muke wanki ta naɗe hannun riga, na ga damtsenta kamar sillen kara. Na ce, "Ke Auta, wane ciwo kike ɓoye mana?"

Ta ce, "Yaya, lafiyata lau. Ba ki ga yadda na yi ƙiba ba ne?"

Na zaci zolaya ce, har na yi dariya. Mu nan da mata ke neman maganin ƙara ƙiba ido rufe, a ce wannan da iska za ta iya ɗauka tana kukan ƙiba? Sai na ga hawaye a idonta.

Nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauka taurin kai ne, ni kuwa na saba da masu taurin kai. Na dafa dambu, na yi ɗanwake, na yi farfesun kaza, na dama fura da nono mai kauri. In ajiye a gabanta, in riƙe ƙugu ina ƙirga loma. "Ci mana! Guba na zuba?" In ta ƙi in yi ta faɗa har maƙwabta su ji. Inna kuma ta aika aka karɓo rubutu, don ita ta fi zargin iska. Duk abin da muka yi sai ya ƙara tura ta ciki. Ta daina zama da mu. Ta koma sharar tsakar gida sau uku a rana, da ɗiban ruwan da ba wanda ya sa ta, wai don abin da ta ci ya narke.

Da aka ga watan azumi, ita ta fi kowa murna, don yanzu ba mai ce mata ci. Sahur ruwa, buɗa-baki dabino ɗaya. Rana ta uku da la'asar ta sunkuya za ta ɗauki tsintsiya, sai kawai ta kife a gindin randa. Na ɗaga ta kamar na ɗauki tabarma. Wani maƙwabcinmu ya fito da motarsa, masu tsaron hanya da suka leƙa suka ga halin da take ciki suka buɗe mana, muka kai ta asibiti a Gumel.

Bayan kwana biyu wata likita ta kira ni gefe, takunkumi a fuskarta, ta ce wannan cuta ce sananniya, mutum ya riƙa tsoron abinci yana ganin kansa da ƙiba komai ramarsa, kuma zaman kulle yakan tsananta ta. Ta ce zuciyar Auta ta raunana, in ta ci gaba da azumi za a iya rasa ta. Na ce, "Likita, wallahi ba irin abin da ban dafa mata ba."

Ta ce, "Hajiya, na yarda. Amma daga yau ki daina tsaya mata a kai. Kaɗan-kaɗan za ta ci, a kan lokaci, yadda zan rubuta. Kada a kalli bakinta, kada a yi zancen jikinta, kuma kada a bar ta ta ci ita kaɗai."

Bayan mako guda aka sallame mu, likitar ta ce za ta riƙa kiran ta a waya suna magana. Sai dai muna isa gida matsala ta tsaya mana. Ni ina azumi, ba zan iya taya ta ci ba, in kuma na zauna kusa da ita kallon da aka hana ne. Auta ta ture kwanon kunu ta ce, "Yaya, da wane ido zan ci abinci da rana tsaka kowa na azumi? Gara ku bar ni." Duk da malamin unguwarmu ya aiko cewa marar lafiya Allah ya ɗauke masa, ko kallon kwanon ba ta yi ba. Na shiga madafi na yi kukana.

Inna tana da ciwon suga, shekara biyar ke nan da aka hana ta azumi. Amma saboda kunya, ba wanda ya taɓa ganin ta tana tauna a watan. Ɗaki take shiga ta saki labule ta ci a ɓoye, ta goge baki ta fito kamar mai azumi. Ranar nan ina cikin madafi sai na ga ta fito da kwanonta na fate, ta ja tabarma tsakiyar gida, inda duk wadda ta yi sallama za ta gan ta, ta zauna.

Ta ce, "Auta, zo ki taya ni. Shekara biyar ina ci ni kaɗai kamar ɓarauniya, na gaji. Abincin ba ya shiga."

A wurinmu ana iya ƙin tayin abinci, amma uwa ba ta cewa ka taya ta ka ce a'a. Auta ta daɗe a tsaye. Sannan ta wanke hannu ta zauna. Inna ba ta dube ta ba ko sau ɗaya, sai ta kama ba ta labarin wata akuyarta da ta taɓa bin fatake har tsallaken iyaka. Na yunƙura zan leƙa, Inna ta ɗaga murya: "Ke mai baki, koma wurin tukunyarki!" Na koma. Da na zo ɗaukar kwano, gefen Auta ya ɗan lotsa. Bai wuce loma huɗu ba, amma na rungume kwanon nan ina hamdala.

Haka suka yi har salla, sau biyar a rana, kwano ɗaya. Wata rana Auta ta ci, wata rana ta yi kuka ta tashi, Inna ta rufe kwanon ta jira ta. Har wata maƙwabciya ta shigo ta same su, Inna ta ce mata, "Mu marasa lafiya ne, bismilla in kina cikinmu." Ranar na fara jin dariyar Auta tun dawowarta.

Ba zan ce ta warke sarai ba. Har yanzu tana ganin likita, kuma akwai kwanakin da abin ke motsa mata. Amma ta koma aji, ƙarfinta ya dawo, kuma yanzu in ya taso da kanta take kirana ta ce, "Yaya, yau da wuya." Ni kuma na koyi rufe bakina in saurara, abin da ban taɓa zaton zan iya ba.

Da, na ɗauka kula da mutum shi ne ka cika masa kwano ka tsaya sai ya cinye. Inna ta nuna mini cewa wanda ke fama da abin da yake jin kunyarsa ba mai tsaya masa a kai yake bukata ba. Yana bukatar wanda zai fito da tasa kunyar fili, ya zauna ƙasa kusa da shi.