Jinin Nasara da Gonar Bakin Tabki

Ƙanen mijina ya kai shekara arba'in a duniya bai taɓa tambayar labarin kakarsa ba, sai shekarar da wani ya gaya masa a tashar Ɗan Issa wai duk mai jinin mutanen Suwis, wata ƙasa a Turai, takardar zama ƙasar kyauta ake ba shi. Tun ranar ya zama masanin asali.

Abin da ya riƙa kuwa bai taka kara ya karya ba. Zamanin mulkin Faransa wani nasara ɗan Suwis ya zauna nan Madarunfa yana awon gujiya, kakar su mijina ce mai dafa masa abinci. Ɗanta na fari kuma, wato surukina, Allah ya jiƙansa, fari ne tas. Sai ƙanen mijina ya ɗinke biyun nan da zare ɗaya. Ya sayi tabarau, ya fara cewa zafin garinmu bai karɓi jikinsa ba, shi da aka yaye a kan kunun gero.

Mijina yana ci-rani a Najeriya lokacin. Ni ya zo ya samu ina sussuka, ya ce, matarmu, yau karatun yaƙi da jahilcinki zai yi rana. Yana son in je wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda ita kaɗai ta rage a tsofaffin gidan, in rubuta daga bakinta cewa nasaran ne ya haifi yayanta. Shi zai kai Maraɗi a juya da Faransanci. Ni ya aika don ni nake kai mata fura, shi ko hanyar ɗakinta sai an nuna masa.

Na ce masa a hankali, ya ko san sunan da ake kiran ɗan da aka haifa haka? Ya yi dariya, ya ce a Turai ba a kula da wannan. Na ce to ai ba a Turai aka binne Baba ba.

Na je dai, don in ji da kunnena. Gwaggo ta saurara har na gama, ta daɗe tana murza carbi. Ta ce uwarsu Bafillata ce daga wajen Gabi, hasken nata ne. Nasaran kuma ya iske yayanta yana rarrafe, har yakan ba shi sukari. Haka na rubuta, harafi bayan harafi. Da na miƙa wa ƙanen mijina ya karanta, ya ce tsohuwa ta rikice, ni kuma rubutuna na 'yan koyo ne. Ya tafi ya samo dattawa biyu masu zaman bakin kasuwa, ya saya musu goro da shayi, suka tuno masa abin da ya faru kafin a haife su.

Abin da bai yi tunani ba shi ne gona. Gonarmu ta bakin tabki, wadda nake noman rani a ciki ina ciyar da yara biyar, daga kakansu ta gangaro zuwa surukina. Ɗan da ba na aure ba kuwa ba ya gado. 'Ya'yan ƙanen surukina da ke Safo suka ji labari, ba su ko jira mako ya zagayo ba, suka zo gaban maigari da ladabinsu. Suka ce su ba su faɗi komai ba, ɗan gidan ne ya faɗa da bakinsa, har da shaidu. In haka ne, a ba su gonar kakansu.

Ranar zama, a amalanke na ɗauko Gwaggo. Ta faɗi abin da ta faɗa mini, ba ƙari, na miƙa littafina aka duba. Dattawan nan biyu suka ce su kam shekaru sun yi musu yawa, ba sa riƙe magana. Sai maigari ya juya ga ƙanen mijina.

"Kai, ubanka ɗan wane ne?"

Ya yi shiru. Wannan shirun ne ban yafe ba har yau. Ina kallonsa yana auna ubansa da takardar jirgi, kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. Gwaggo ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ɗan nan, faɗa mana, mu san ko mu ci gaba da gaishe ka."

Sannan ya kira sunan kakansa, ƙasa-ƙasa, sai da aka sa ya maimaita.

Gona ta tsaya hannunmu, amma maigari ya hana a taɓa ta sai mijina ya dawo an rufe maganar a gabansa. Kafin ya iso lokacin dashe ya wuce. Ranin nan ni mai lambu a bakin ruwa, tumatir da albasa saye na yi wajen maƙwabta, na sayar da tunkiyata muka kai damina.

Har yanzu in na sauke tukunya ina zuba masa nasa, don ƙanen uban 'ya'yana ne. Bana na ji ya koma bin dangin mahaifiyarsa, wai akwai Balarabe a ciki. Na tambaya, aka ce ta can babu gona ko ta taki ɗaya. Na bar shi ya yi ta nema.