Miyar Ranar Sadaka

Kakata ta wajen uba ta zo Tamanrasset daga wani ƙauye kusa da Damagaram, ina jin a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da shagon babana a unguwar Sersouf ya fara kankama. Ba ta taɓa yarda burodi abinci ne ba. Tuwon gero take so da miyar kuka, miyar kuma ba ta yiwuwa sai da daudawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Direbobin Agadas ke kawo mata 'ya'yan. Ta dafa, ta daka, ta yayyafa ruwan toka, ta rufe a tukunya. Sanyin garin yakan hana daudawar nuna, sai ta naɗe tukunyar da bargonta, ita ta koma rana ta zauna.

"Maigida, zo ka sansana," takan ce mini cikin wasan jika. "Ta yi?"

"Kaka, wari take."

"Kai ma da aka haife ka wari kake, ba mu yar da kai ba."

Akushi ɗaya muke ci, tana turo mini gefen da miya ta taru. Innata ta koyi haɗin, ba ta rage komai ba a iya sanina, amma tata daban take fitowa. Wataƙila tokar ce. Wataƙila kuma bakina ne, ba zan rantse ba.

Ina jami'a can arewa da Tamanrasset, a garuruwan Larabawa, ta rasu. Hanya da nisa, ban samu jana'iza ba, sai ranar sadaka na iso. Ƙofar gida cike da samarin unguwar Gataa El Oued, leburorin gini da takan ciyar ran Juma'a, suna cin tuwo. Tun daga zaure na ji ƙamshin miyarta. Gwaggo, ƙanwar babana, ta ja ni ɗaki, ta ajiye mini kuskus da nama.

"Kai da ka yi karatu cikin Larabawa, ba ma tarbe ka da baƙar miya ba," ta ce.

Karramawa ce, na sani. Kuma mai zaman makoki ba ya zaɓen abinci. Na yi godiya na ci, ina cewa a raina gobe ma za a kaɗa wata.

Da la'asar na tambayi inna, a hankali, ko kaka ta bar daudawa. Ta ce ta bari, curi mai ɗan yawa, amma duka suka zuba a miyar sadaka don ladan ya kai mata. Ba na jin sun yi kuskure. Na zagaya madafa. Na tarar da gwaggo a tsugune, ta riga ta goge tukunyar miyar da yashi tana ɗauraye ta. Ta ɗago ta tambaye ni ko kuskus ɗin ya ishe ni. Na ce ya isa.