Ranar da Na Nemo Sunan Baba a Jerin 'Yan Majalisa

Ko zan manta komai na zamanmu a Riyad, ba zan manta da ranar da na nemo wa surukina sunansa ba.

Ya zo wajenmu a unguwar Malaz ne don a yi masa aikin ido. Tsoho ne mai son hira. Kullum bayan la'asar sai ya jingina da matashi, ya shiga ba mu labarin zamanin da yake majalisar dattawa a Ikko, kafin soja su kore su: wane ya iya magana, wane kuwa barci kawai yake zuwa yi.

'Yar wajena a nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta. Ran nan ta ɗauko waya, ta buɗe jerin 'yan majalisar wancan lokaci, ta rubuta sunansa yadda yake a fasfo. Ba komai. Ta sake, ba komai.

"Kaka, wallahi ma fi," ta ce tana dariya. "Babu ka a ciki. Ko dai direbansu ne kai?"

Wasan jika da kaka ne, amma Baba bai rama ba. "To, ƙila sun share mu," ya ce, ya juya fuska bango. Kwana biyu babu hira, tuwon ma sai ya taɓa ya ture.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da goyo a baya na koye shi. Ban iya binciken waya ba, amma na iya bin layi da yatsa. Na ce wa 'yar tawa ta sake buɗe jerin, ta ƙara mini girman rubutun.

"Umma, suna da yawa fa."

Na ce ba inda za ni.

Ina harhaɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, shayina ya huce, har na iso kan wani suna. Na farko nasa ne, na biyun kuwa sunan ƙauyensu. Na je na durƙusa gefensa.

"Baba, da sunan gari aka rubuta ku a makaranta?"

Ya ɗago kai. "Af! A zamaninmu wa zai buɗe baki ya faɗi sunan ubansa gaban malami? Sunan garinku ake liƙa maka, da shi kuma na tsaya zaɓe. Na fasfo ai na jiya-jiya ne."

Na karanta masa a bayyane, har da mazaɓarsa. Ya ce in maimaita, na maimaita. Sai ya dubi jikarsa, wadda kunya ta hana ta ɗaga ido.

"Ke, amarya, na fasa sakinki. Kawo littafi da biro."

Ya yi ta lissafa mata abokan zamansa, na raye da waɗanda suka riga mu, tana rubutawa da Hausarta mai ɗingishi. Baba ya koma gida da idonsa garau, ita kuma har yau duk Juma'a sai ta kira shi ta ƙara shafi.

Tun daga ranar na koyi cewa in an duba takarda ba a ga dattijo ba, kada a yi saurin ƙaryata shi. A zauna a tambaye shi tun yana da bakin amsawa.