Rubutun da ke Gefen Fom

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Ɗanlami makwancinsa a Birmingham, Allah ya jiƙansa. Har yau idan aka miƙo min fom, gefensa nake fara dubawa.

Aikinsa nema wa waɗanda suka haura shekara hamsin aiki ne. Yakan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ya ɗinke tsakanin ofishinsu da masallatai da wata ƙungiya mai kula da masu nakasa. Masallaci ya san wanda aiki ya kuɓuce masa yana ɓoyewa, ƙungiya ta san kayan da za su taimake shi, ofis ya san mai ɗauka. Litinin yana unguwar Small Heath a Birmingham, Alhamis yana wajenmu a unguwar Cheetham Hill, a wani garin daban.

Ta nan na faɗo hannunsa. Na daɗe ina duba kaya a wani sito, sai idona ya fara dushewa, ƙananan lambobi suka gagare ni, aikin ya tafi. Wata biyu ina fita da jakata kowace safiya don kada mai ɗakina ta gane. Limaminmu ne ya kai masa labari.

Ya zo da fom. A ciki akwai ɗan akwati da ke tambaya ko kana da nakasa. In ka yi masa alama, ƙungiyar za ta samo maka na'urar ƙara girman rubutu, ta yi magana da mai ɗaukar aiki. Na ture takardar.

"Malam, ni ba nakasasshe ba ne. Da ƙafata na zo ƙasar nan."

"Da ƙafa kake karanta lamba, Alhaji?"

Ya san ni ma na riƙe allo, sai ya ja fom ɗin ya yi rubutu a gefe da fensir, da ajami, manyan baƙaƙe yadda zan gani: mai salla a zaune bai bar salla ba. Ranar Juma'a na tsaya ina kallon dattawan da ke salla a kan kujeru, babu mai sunkuyar da kai don kunya. Na yi alamar. A wani sito na sake kama aiki, ban bar shi ba sai bara.

Ina yawan tunanin me zai ce da yau. Fom ya koma cikin waya. Na san zai yi murna da wayar da ke karanta wa mai raunin gani saƙo, don shi mutum ne mai son taɓa sabon abu. Amma zai tambaya, wace waya ce za ta gane dattijon da ya fito da jaka, babu inda za shi? A ina kuma za a yi masa rubutun gefe?

Makon jiya a Small Heath na zauna da Malam Isa, tsohon direban bas da kunnensa ya yi nauyi. Ina taya shi cike fom ɗin neman aiki a waya, muka iso wannan akwati, ya kife wayar.

"Alhaji, so kake a ce min kurma?"

Na laluba aljihu, na samo tikitin jirgin ƙasa, na rubuta masa maganar mai salla a zaune a bayan tikitin. Ya karanta, ya ɗago.

"Wannan ai maganar Ɗanlami ce. Ya rubuta wa yayana ita. Amma hannunsa ya fi naka kyau."

Shekarun nan duka na zaci ni kaɗai ya rubuta wa. Ban san gefen takarda nawa ya cika tsakanin garuruwan nan biyu ba, Allah ya sani, shi zai saka masa. Malam Isa dai ya juya wayar, ya danna akwatin da babban yatsa.